Masaukin Matafiyi a Hanyar Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Kowace shekara idan aka rufe makaranta, ɗalibanmu sukan watse, kowa ya kama hanyarsa. Wasu gida za su, wasu kuwa tafiyar da ke gabansu ta fi ta gida nisa. 'Yan ajin ƙarshe za su je rubuta jarrabawar JAMB a garin da ba su taɓa takawa ba. Wasu za su je neman gurbin karatu a jami'ar Aliero. Wasu kuma taron ikilisiya, ko biki, ko gaisuwar rasuwa ne zai fitar da su. A aji muna koya musu Lissafi da Turanci da Kimiyya, amma ba safai muke gaya musu abin da za su yi ba idan rana ta faɗi suna garin da ba su san kowa ba, kuɗin aljihunsu kuma bai kai na otal ba.

Wannan matsala ta ƙara tsanani tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur. Kuɗin mota ya tashi ƙwarai, har guzurin da uba zai ba ɗansa yakan ƙare a tasha. Saboda haka muka ga ya dace mu yi ɗan bayani a kan yadda ake samun wurin kwana kyauta ko da araha. Za mu ɗauki garuruwa uku na Jihar Kebbi su zama misali, wato Jega da Aliero da Maiyama. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, a ƙasarmu sanayya ce ke buɗe wa baƙo ƙofa, kuma tun daga gida ake shirya ta.

Garuruwan Uku da Hanyarsu

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar hanyar motar da ta taso daga Sakkwato ta nufi kudu takan bi ta Tambuwal, ta shiga Aliero, ta iso Jega. Daga Jega sai ta miƙe zuwa Maiyama da Koko da Yawuri da Kontagora, har Ilori da Ibadan da Legas. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Ke nan Jega mararraba ce. A nan matafiya da yawa suke sauka su sake mota, a nan kuma dare ya fi riskar mutane, domin wanda ya iso da yamma yakan tarar motar garinsu ta tashi, ko kuwa ba ta cika ba.

Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da irin baƙinsa. Jega garin kasuwa ne a bakin Gulbin Zamfara. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da sana'ar ɗori, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a can a 2006. Maiyama kuwa garin manoma ne a kan titi, baƙinta galibi masu wucewa ne. Wanda ya kwana a can, sau da yawa mota ce ta lalace masa, ko dare ne ya yi.

Yadda Kakanninmu Suka Yi

Saukar da baƙi tsohon abu ne a wannan yanki. Muhammadu Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, shi ne ya kafa Jega a wajen 1820. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato. Daga nan ayarin fatake yakan tashi zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su isa kasuwar Salaga, su juyo da goro. Tafiya ce ta watanni, kuma babu otal ko ɗaya a hanya.

To, ina suke kwana? Wuri biyu ne. Na farko shi ne zango, wato filin da ayari ke yada kaya a gefen gari. Madugu, shugaban ayari, shi ne yake zuwa ya gai da sarkin garin, ya ba da abin da aka saba bayarwa, sa'an nan a bar su su kwana cikin aminci. Daga wannan kalma ce muka sami "zangon karatu" da muke faɗa a makaranta, domin shi ma tafiya ce daga wani masauki zuwa wani. Har yau kuma unguwannin baƙi 'yan arewa a Kumasi da Akara da Kwatano suna amsa sunan Zango.

Na biyu shi ne gidan fatoma, ko mai gida. Shi wannan mutumin gari ne mai babban gida da zaure. Yakan sauki baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana cikin la'adar da ake fitarwa idan ciniki ya faɗa. Da irin wannan tsari ne Hausawa suka riƙe cinikin goro da na shanu a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916.

Ko baƙon da ya zo daga nesa ƙwarai, hanyar ɗaya ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu. Kafin ya iso ya riga ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karɓi takardarsa. Ya gabatar da kansa, ya ba da kyauta, aka ba shi masauki. Darasin da ke cikin duk wannan a fili yake. Bafatake yana da madugu, ɗan kasuwa yana da mai gida, Bature ma yana da takarda. Kowa yana da wanda ya tsaya masa.

Inda Ake Samun Masauki a Yau

1. Dangi da 'yan garinku. Wannan shi ne masaukin da ya fi kowane sauƙi da kwanciyar rai. Kafin ka tashi, ka tambayi iyayenka da malamanka da abokan ajinka ko sun san wani a garin da za ka. Matambayi ba ya ɓata. A gari kamar Jega da wuya a rasa wani ɗan ƙasarku, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko mai shago. Amma kada ka faɗo wa mutum kwatsam. Bari babban da ya san shi ya kira shi a waya kwana biyu ko uku kafin tafiyar, ya faɗi sunanka, da abin da zai kai ka, da kwanakin da za ka yi.

2. Ikilisiya. Inda akwai majami'a, gidan fasto ko na mai bishara ya saba da baƙi. Wani wuri akwai ɗakin baƙi, wani wuri kuwa a aji ko a cikin majami'ar za a yi maka shimfiɗa. Abin da ake bukata shi ne takarda daga faston ikilisiyarku, mai ɗauke da hatimi da lambar wayarsa. Masu bi sun saba da irin wannan wasiƙar gabatarwa tun zamanin manzanni. Idan yarinya ce, fasto yakan miƙa ta ga matarsa ko ga wata uwa daga cikin zumuntar mata. Mu tuna cewa a wannan yanki ikilisiyoyi ƙanana ne, abin hannun masu hidimarsu kuma kaɗan ne. Idan kuna da yawa, ku tafi da abincinku.

3. Mai unguwa da hakimi. A ƙa'idar gargajiya, baƙon da ba shi da kowa baƙon sarki ne. Idan mota ta lalace muku a Maiyama ko a wani ƙauye na kan hanya, ka nemi wani dattijo, ka yi masa sallama, ka ce, "Baba, ni baƙo ne, dare ya yi mini. Don Allah a nuna mini gidan mai unguwa." Shi mai unguwa zai tambaye ka daga ina, zuwa ina, ɗan wane ne kai. Ka amsa da gaskiya, ka nuna katin shaidarka. Namiji akan yi masa shimfiɗa a zaure ko a ɗakin samari. Mace kuwa cikin gida ake shigar da ita wurin uwargida. Idan abin ya fi ƙarfin mai unguwa, shi zai kai maganar gaban hakimi. Matafiyi Musulmi yana iya neman liman ko ladan bayan sallar isha'i, su kuma su nema masa wuri, domin masallatai da yawa yanzu ana kulle su da dare.

4. Mai gida na kasuwa da gidan ɗori. Tsarin fatoma bai mutu ba. Da rani, lokacin da albasa ta zo, masu saye sukan taho Aliero daga kudancin ƙasa, su sauka a hannun dillalan da suka saba da su har a gama loda mota. Haka abin yake ga masu sayen hatsi da dabbobi a Jega. Wanda za a aika kasuwa ya tambayi wanda ya aike shi, wane ne mai gidansa a can. Masu kai majinyaci wurin ɗori a Aliero kuma galibi a wurin mai ɗorin ko kusa da shi suke zama. Ya kamata tun ranar farko a yi magana a fili game da wurin kwana da abinci da abin da za a biya, domin jinyar karaya takan ɗauki makonni.

5. Ɗalibai da masu bautar ƙasa. Mai zuwa Aliero neman shiga jami'a ya fara neman tsofaffin ɗaliban makarantarmu, ko 'yan ƙaramar hukumarsu da ke karatu a can. Ɗalibi yakan raba katifa da ɗan'uwansa na kwana ɗaya ko biyu. Sai dai a tambaya tukuna ko dokar ɗakin kwanan ta yarda da baƙo, kada ka ja wa mai taimakonka hukunci. Akwai kuma waɗanda za su yi hidimar ƙasa ta NYSC, wadda aka fara a 1973. Bayan an fito sansani, ƙungiyar masu hidima Kirista ta NCCF da ta Musulmi ta MCAN sukan sauki sababbin zuwa a gidajensu kafin su sami wurin zama.

6. Tasha. Wannan masaukin dole ne, ba a zaɓarsa da gangan. In ta kama, kada ka raɓe a lungu. Ka tafi ofishin ƙungiyar direbobi, ka gai da shugaban tasha ko ɗan kamasho, ka gaya masa motar da kake jira da safe. Ka zauna inda akwai haske da jama'a, kusa da mai shayi. Ka yi matashin kai da jakarka, kuɗi da takardu kuwa su kwana a jikinka. Ba mu ba 'yan mata shawarar kwana a tasha ba. Gara yarinya ta nemi wata dattijuwa mai sayar da abinci ta raka ta gidan mai unguwa ko gidan fasto, ko kuwa ta tafi ofishin 'yan sanda ta bayyana halin da take ciki.

7. Gidan saukar baƙi mai araha. Idan duk waɗannan ba su samu ba, sai a biya. Ka tambayi mutumin kirki, kamar malami ko ma'aikacin asibiti, wane gida ne mai mutunci. Ka duba ɗakin kafin ka ba da kuɗi: ƙofa tana kulluwa ta ciki? Akwai ruwa? Ka karɓi rasit. Maza biyu ko mata biyu suna iya haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, in masu gidan sun yarda. Amma a tuna, araha ba ta ado. Gidan da ake shaye-shaye da kiɗa har asuba, ko kyauta aka ba ka shi ya yi tsada.

Abin da Ya Canja

Dole mu faɗi gaskiya, zamani ya juya. Iyayenmu sukan ba da labarin lokacin da zaure ke kwana a buɗe, duk wanda dare ya yi wa ya shiga ya kwanta, sai da safe a tambaye shi ko wane ne. Rashin tsaro ya rage wannan. Ba mu manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ba, ranar 17 ga Yuni, 2021. Irin waɗannan abubuwa sun sa mutanen gari suna ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, masu unguwanni kuma suna so su san duk wanda ya kwana a unguwarsu. Saboda haka idan aka tsare ka da tambayoyi, ko 'yan banga suka ce ka buɗe jakarka, kada ka yi fushi. Tsaron da suke yi, har da kai ake yi wa.

Shi ma matafiyi sai ya yi hattara. Ba duk mai cewa "zo mu je gidana" ne mai alheri ba. Ka fi amincewa da wanda kai ka nema bisa ga wanda ya neme ka. Masaukin kirki a bainar jama'a ake ba da shi, da sanin maƙwabta da matan gida. Wanda ya ce kada ka gaya wa kowa inda za ka kwana, ka rabu da shi nan take. Da zarar ka sauka, ka kira gida ka faɗi sunan mai masaukinka da unguwarsa.

Mafi muhimmanci kuma, a guji tafiyar dare. Idan ka iso Jega da magariba alhali Yawuri ko Kontagora za ka, ka kwana, da safe ka wuce. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Wanda zai rubuta jarrabawa da ƙarfe bakwai na safe ya isa garin tun ana gobe da rana, ya ga wurin jarrabawar da idonsa, sa'an nan ya nemi masauki kusa da shi.

Guzurin Mai Neman Masauki

Kayan da za ka riƙe ba su da nauyi: katin shaidar makaranta ko na ɗan ƙasa, takardar gabatarwa, tabarma ko zane mai kauri, gidan sauro, tocila, sabulu, da abin cajin waya. Gidan sauro wajibi ne, musamman a garin bakin gulbi irin Jega, kada ka tsira da kuɗin otal ka kashe su a maganin zazzaɓi. Da hunturu a ƙara da bargo, gama sanyin zaure ba wasa ba ne. Ka rubuta lambobin waya uku a takarda, don ko waya ta mutu ko ta ɓata. Ka kuma ware kuɗin motar komawa, tsaba, a wani aljihu dabam, kada ka taɓa su. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya mana cewa ba kullum ake dogara ga tura kuɗi ta waya ba.

Haƙƙin Mai Masauki

Hausawa sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kirista da Musulmi duka sun san labarin Ibrahim, wanda ya yi wa baƙi yanka bai san manzannin Allah ba ne. Amma kamar yadda baƙo yake da haƙƙi, haka mai gida yake da nasa. Ga kaɗan daga ciki.

Ka tafi da 'yar tsaraba, ko burodi ne, ko sabulu, ko ƙullin gyaɗa. Ka ci abin da aka kawo maka da godiya, ba tare da yatsina ba, domin wataƙila rabon wani yaro ne aka rage. Ka bi dokar gida: namiji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo, kada kuma ka dawo bayan an rufe ƙofa. Idan addininku ba ɗaya ba ne, ka girmama lokacin ibadarsu, ka yi taka addu'ar a natse, ka bar gardama. Ka tashi da wuri, ka naɗe shimfiɗarka, ka yi shara, ka taya ɗiban ruwa. Abin da ka gani a gidan mutane ka bar shi a can.

Kada kuma ka zarce kwanakin da ka faɗa. A al'adar Musulunci kwana uku ne liyafar baƙo, al'adar ƙasar nan ma a kan haka take. Baƙo raɓa ne, in ji magabata, hantsi na yi sai ya tashi. In wani dalili ya tsare ka, ka faɗa, ka kuma sa hannu a cefane. Ranar tafiya ka yi sallama da kowa, har yara. Idan ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya, iyayenka su ma su kira su yi godiya.

Wannan duka ba don kanka kaɗai ba ne. Idan ɗalibin makarantarmu ya sauka a gidan wani ya bar suna mai kyau, ya buɗe wa ƙannensa goma ƙofa. Idan kuwa ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko ya yi rashin kunya, ya rufe ta ke nan, wanda zai zo baɗi shi zai kwana a tasha.

Kammalawa

Mun ga cewa tun zamanin fataken Gwanja har zuwa yau, matafiyi mai ƙaramin guzuri yana samun wurin kwana ne ta hannun mutane: dangi, fasto, liman, mai unguwa, dillali, ko ɗalibi ɗan'uwansa. Saboda haka muna roƙon iyaye, kada ku sallami yaro da kuɗin mota kawai. Ku ba shi sunan mutum, ku kuma kira mutumin. Muna roƙon fastoci da shugabannin makaranta su riƙa ba da takardar gabatarwa ba tare da jinkiri ba.

Ku kuma 'yan ajin ƙarshe, nan da 'yan shekaru za ku zama masu ɗakin kanku, wani a Aliero, wani a Birnin Kebbi, wani a Legas. Wata rana da magariba wayarku za ta yi ƙara, a ce ga wani yaro daga gida ya sauka a tasha, bai san kowa ba. Ku tuna da tabarmar da aka taɓa shimfiɗa muku, ku je ku taho da shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.